Yadda Na Ceci Rogo Daga Kogi

Tun da na dawo daga Kongo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya same ni ina ɗaure kaya a kasuwar Murshid Bazar sai ya tsaya ya ce wai yaya dajin nan. Abin da ya fi ci min rai shi ne abokin tafiyata Isufu ya riga ni zuwa kunnen mutane, kuma kowace Juma'a labarin ƙara tsawo yake yi a bakinsa. Makon jiya har kada ya shigo ciki. Babu wani kada. To ga yadda aka yi, zan rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in tura masa a waya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sale, mutumin Kano ne ni, shekarata goma sha huɗu ina aikin kargo a Dubai. Aji huɗu na tsaya a firamare. Abin da na iya shi ne ɗauri: kwali, leda, salatif, igiya. Doka ɗaya maigidana Alhaji Nasiru ya dasa min a ka tun ranar da na fara, wato kaya ba sa jiƙa. Ka ɓata lamba a gyara, ka juya kwali a gyara, amma ruwa ya taɓa kayan mutane, kalas, taka ta ƙare. Ku riƙe wannan.

Muna da wata kwastoma 'yar Kongo, Madam Odil. Shekarar da ta gabaci korona ta sayi firiza mai aiki da hasken rana, ta ce na ƙauyen mahaifiyarta ne, can bakin wani kogi a tsakiyar daji, don mata su riƙa ajiye kifi. Firizar ta yi gaba a jirgin ruwa. Da ta isa, sai Madam ta ce a turo wanda zai haɗa. Wani Bafakistane a unguwar Al Kuz ya koya min haɗin cikin kwana uku, rabin bayanin da hannu. Alhaji ya zaɓe ni ne saboda ni kaɗai ne a shagon ban iya ce masa a'a ba. Ya haɗa ni da Isufu, ɗan Maraɗi, saboda yana jin Faransanci.

Kafin mu tashi wani ya ce min mutanen can biri suke ci. Ban tsaya bincike ba. Na je na sayi shinkafa basmati mai kilo biyar, da dabino, da biskit, da gwangwanayen kifi, da ƙullin yaji, na danna su a ƙasan jaka na rufe da kayan sawa. Ko Isufu ban gaya wa ba, don na san cikinsa.

Mun sauka a Yawunde ta ƙasar Kamaru bayan mun canza jirgi a Habasha. Daga nan mota. Kwalta ta raka mu kwana ɗaya sannan ta ce ta gaji, muka shiga jar laka, hanyar manyan motoci masu ɗauke da gungumen itace, kowane gungume ya kai faɗin ɗakin da muke kwana mu shida a unguwar Dera ta Dubai. Sau uku muka sauka muka tura mota. A wani gari mun kama ɗaki a masauki, da ruwa ya sauko sai na gane rufin ado ne kawai. Na jawo gadon zuwa kusurwa na ɗora jakata a kai, ni na zauna a kujera. Isufu ya ce bai taɓa ganin mutumin da jakarsa ta fi shi daraja ba.

A garin nan muka gamu da wani mai tsire Bahaushe, Baba Hamidu, wanda kakansa ya zo daga Katsina a ƙafa. Shi bai taɓa ganin Katsina ba, amma Hausarsa irin ta tsofaffi ce, mai nauyi. Da ya ji inda za mu, ya ce mana ruwa ya cika yanzu, lokacin wahala ne a bakin kogi, mu ci abin da aka ba mu mu gode, kuma kada mu taɓa abin da ba mu sani ba sai mun tambaya. Na ce to. Hankalina yana kan tsiren.

Iyakar ƙasar kogi ce. Akwai wata rumfa, da tebur, da jami'i mai tumbi. Ya duba katin allurar shawara, ya duba katin zamana na Dubai, ya dube ni tun daga hula har silifas, ya kasa haɗa su. A ganinsa duk wanda ya fito daga Dubai zinariya yake takawa. Ya sa na buɗe jaka. Isufu ya koma gefe yana ɗaure takalmi, na gode wa Allah. Jami'in ya tono har ya kai ga shinkafar, ya ɗaga ta sama, ya yi wata magana, duk rumfar aka yi dariya. Na nuna cikina na yamutsa fuska, wai magani ce. Ya mayar min yana girgiza kai.

A ɗaya gefen muka tarar da firizar a gidan wani ɗan'uwan Madam. Na sake naɗe ta da leda ninki uku, aka ɗora ta a kwale-kwale mai inji. Yini da rabi muna kan ruwa. Daji ta dama, daji ta hagu, bishiyoyin tsaye a cikin ruwa har ƙugu. Da aka fara ruwan sama na buɗe lema na riƙe wa firizar, ni na jiƙe sharkaf. Mai tuƙin ya tambayi Isufu ko matata ce a ciki.

Ƙauyen bai fi gida talatin ba, a jere a kan ɗan tudu. Mahaifiyar Madam, Mama Terez, ita ta sauke mu. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta da yawan magana. A gidan akwai 'yarta Klodin, mace ce da ta kai shekara talatin da wani abu, tana tafiya a kan yatsun ƙafa da sanduna biyu, gwiwoyinta na gugar juna. Ita ce mai Faransanci, don haka duk magana daga Mama take zuwa Klodin, daga Klodin zuwa Isufu, sannan ta iso ni a gajiye. Akwai kuma surukar Mama da 'ya'yanta uku, mijinta yana aikin katako a nesa, sai wani tsoho ƙanen Mama. Baki bakwai ke nan, muka zama tara.

Mama ta ware mana tukunya, ta wanke ta da yashi a gabanmu, ta ce ta san Musulmi, wani Bahaushe mai sayar da gishiri ya taɓa zama a gidansu. Biri dai ban gani ba har na bar garin. Abin da aka kawo shi ne kwanga, wato rogo ne da aka sarrafa aka naɗe a ganye aka dafa, ya yi danƙo kamar roba, yana tsami yana wani wari da ban san da me zan kwatanta shi ba. Sai miyar ganyen rogo da manja, da ɗan busasshen kifi kamar yatsu biyu. Na gutsiri kwangar na ajiye. Washegari aka ƙara da soyayyun tsutsotsin bishiya. Na kawar da kai ina neman tsari. Isufu yana taunawa ya tuna min cewa da idonsa ya ga na cinye ledar fara da yaji ni kaɗai a shago. Na ce fara daban. Ya ce eh, ita tana da fiffike.

Don haka na koma cin amana. In an watse sai in zagaya bayan ayaba in buɗe gwangwanin kifi da biskit, in jefa gwangwanin a ciyawa. Shinkafar kuwa ta zame min kaya, don babu yadda za ka dafa shinkafa a ɓoye a garin da kowa yake ganin hayaƙin kowa. Na ɗauko ta daga Dubai na keta ƙasa biyu da ita, ta zama matashin kai.

Sau ɗaya ake cin abinci a gidan, da la'asar. Na ɗauka al'ada ce. Klodin ce ta yi mana bayani. In kogi ya cika, kifi yakan bar shi ya shige daji ya watsu a tsakanin bishiyoyi, sai a jefa koma a ɗago ganye. Gonakin rogo kuma ruwa ya hau su. Mu a gida in an rasa ruwan sama ake yunwa, su kuwa da cikar ruwa tasu take zuwa. Kifin nan mai kamar yatsu biyu da nake turewa gefe, ashe mu baƙi kaɗai ake sa wa.

Rana ta biyu na haɗa firizar. Ta yi ƙara, fitila ta kama, duk gari aka taru ana tafi. Aka buɗe ta, aka dubi juna. Babu kifin da za a saka. A ƙarshe kofin ruwa aka sa, da ya daskare aka miƙa wa ƙanen Mama, ya riƙe ƙanƙarar har ta narke a hannunsa, ya ce aiki ya yi kyau.

Yanzu ga abin da kuke jira.

An kwana ana ruwa. Da gari ya waye na gangara bayan gidan Mama don in wanke fuska, sai na ga buhu uku a nutse a bakin kogi, an ɗaure su da igiya ɗaya a jikin saiwar bishiya. Cike suke, ruwa yana bi ta kansu. Duk shekarun da na yi a aikin kargo suka tashi min a ka. Na ce a raina ruwan jiya ya hau ya cinye wa tsohuwar nan kaya, kuma mutanen nan barci suke. Maganar Baba Hamidu ko faɗo min ba ta yi ba. Ƙullin igiyar ya ƙi kwantuwa, na zaro 'yar wuƙar yankan salatif da ba na rabuwa da ita, na datse.

Buhu ɗaya ne a hannuna. Sauran biyun suka juya a hankali, suka bi ruwa. Na bi su, ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafata, na nutse har wuya, silifas ɗaya ya bi bayansu. Da kyar na kamo saiwa na fito. Na jawo wanda ya rage zuwa tudu, na buɗe, sai ga rogo fari tas, ɓararre, ya jiƙe jagab. Na ɗauko ledar firiza na shimfiɗa, na jera shi layi-layi yadda rana za ta same shi. Aiki mai kyau na yi, ko Alhaji ya gani sai ya yaba. Sannan na tafi canza kaya, ina shirya yadda zan ce musu biyu sun tafi amma da ba don ni ba da duka ukun ne.

Kafin in fito aladun gari sun samu labari.

Da na dawo na tarar da surukar Mama tana korar su da itace, abin da suka bari duk ya cakuɗe da laka. Mama tana tsaye a gindin bishiyar da guntun igiyar a hannu. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta dubi bakin igiyar inda wuƙa ta yanka sumul, ta dubi rigata da ke ɗiga a kan igiyar shanya.

Klodin ta zauna a kan kututture ta yi magana, Isufu yana juya min, kuma karo na farko tun da na san shi babu wasa a muryarsa. Rogonsu ba irin namu ba ne da ake dafawa a ci da ƙuli. Mai ɗaci ne, akwai dafi a cikinsa. Sai ya kwana huɗu a ruwa dafin yake fita, wannan kuwa jiya aka sa shi. Buhu ukun nan su ne abin da suka iya tonowa da kwale-kwale kafin ruwa ya rufe gonar. Ban da su sai ɗan tsibi a madafa. Ko yanzu aka ɓare shi aka sa a ruwa, sai an jira kwana huɗu, kuma kwangar da ke gidan ta yau ce kawai.

Na ce a gaya mata ai ana iya rage kwanakin, tunda lalura ce. Isufu bai so ya fassara ba, amma ya fassara. Klodin ta ɗora sandunanta a cinya ta nuna ƙafafunta. Ta ce wata shekara ruwa ya yi irin wannan cika tana budurwa, ƙannenta suna kukan yunwa, sai Mama ta riƙa tsamo rogon da wuri, mako bayan mako.

"Kwana biyu muka rage wa ruwa," in ji ta. "Ga abin da ya karɓa."

Na sunkuya na fara tsince rogon daga laka.

Aka wanke abin da aladu suka bari, aka ɓare tsibin madafa, duka bai cika buhu ba, aka mayar ruwa da sabuwar igiya. Maƙwabta suka kawo abin da suka iya, wannan ayaba biyu, wancan kwanga ɗaya, amma kowa halin da yake ciki ke nan. Ganye akwai shi ko'ina, sai dai ganye kaɗai ba ya riƙe cikin yaro. Kwale-kwalen da zai ɗauke mu kuma sai bayan kwana shida. Na ji surukar tana ɗaga murya a madafa. Isufu ya ce cewa take yi ita 'ya'yanta ba za su kai kwana huɗu ba, in an kwana biyu za ta tsamo nasu. Mama ta ce sai dai ta bi ta kanta.

Zan so in ce muku nan take na tashi na ɗauko jakata. Ƙarya ne. Har azahar ina zaune a kanta ina lissafin kwana shida da cikina, da kuma kunyar da zan sha in aka ga abin da ke ciki. Isufu ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sale, shinkafar nan da kake kwanci a kanta, ƙyanƙyashewa za ta yi?"

Na ce wace shinkafa. Ya ce wadda jami'in iyaka ya ɗaga sama ya tambaya ko a Dubai an ce mana ƙasarsu babu abinci. Ya ce kuma in kwantar da hankalina, babu wanda bai sani ba. Gwangwanin da ake kawo mana gishiri a ciki tun jiya, nawa ne, jikokin Mama suka tsinto a bayan ayaba.

Na kwashi komai na kai madafa na zube a gaban Mama: shinkafa, dabino, biskit ɗin da ya saura, gwangwani uku, yaji. Na ce Isufu ya ba ta haƙuri, ya ce in bayar da kaina. Na durƙusa na ce da Hausa, "Mama, na yi ɓarna, ki yafe min." Ba ta jira fassara ba. Ta ɗaga shinkafar ta auna nauyinta a hannu, ta ɗauko kofi, ta kasa ta kashi huɗu a kan ganye, ta ɗaure kowane kashi daban. Sannan ta ce wani abu, Klodin ta yi dariya ta farko a ranar. Wai Mama cewa ta yi in ba ta wuƙar.

Basmatin nan da ake yin biryani da ita a Dera, Mama ta mayar da ita fate. Ruwa da yawa, ganyen rogo da yawa, manja, rabin gwangwanin kifi, a dama har ta rasa kamanninta. Dabino na yara ne, uku-uku da safe. Ni kuma daga ranar aka daina ba ni kason baƙo. Ludayi biyu kamar kowa, a layi bayan yara. Ban taɓa lashe kwano a gaban mata ba sai a can.

Aka kuma ba ni aiki. Mama ta kai kujera gindin bishiyar ta nuna min. Ni ne mai gadin buhu, in kori aladu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana kaya jiƙa, ga shi zaune da sanda yana tabbatar da cewa kaya sun jiƙu. Masu wucewa a kwale-kwale suna ɗaga min hannu suna kiran wani suna, Isufu ya ce ma'anarsa mai ceton rogo.

Rana ta uku ta fi tsanani. Ƙaramin yaron ya ƙi faten, yana ta kukan kwanga. Da hantsi uwarsa ta gangaro ta tsaya a kaina, idonta a kan igiyar. Ba ni da yaren da zan yi mata magana, kuma ba ni da bakin yi, tunda ni na jawo. Na tashi na tsaya tsakaninta da igiyar kawai, ina jin kaina kamar ɓarawon da aka ba gadin kasuwa. Muna nan tsaye sai muka ji ƙarar sanduna. Klodin ce take saukowa gangaren nan mai santsi, taki ɗaya-ɗaya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta zo ta zauna a kujerata. Surukar ta dube ta, ta juya ta hau tudu. Na bi surukar na ba ta dabinon da na ɓoye a aljihu, guda biyar, na ƙarshe. Eh, har a lokacin akwai abin da na ɓoye.

Da kwana huɗu suka cika Mama ta tsamo rogo ɗaya ta danna da babban yatsa, ya fashe kamar dafaffen dankali. Aka wanke, aka cire jijiya, aka daka. Na karɓi taɓarya, bugu uku na yi aka karɓe don kada in fasa turmi. Kashin shinkafa na ƙarshe muka ci a ranar. Washegari kwanga ta nuna. Warin nan yana nan yadda na san shi, babu abin da ya canza. Na ci biyu, na dubi ta uku, Mama ta janye kwanon.

Buhu biyun da na sallama wa kogi ba su dawo ba, kuma abincin makonni ne. Isufu ya sa an kai shi wani tudu inda waya ke kamawa, ya kira Madam, shi ya sa kwale-kwalen da ya zo ɗaukarmu ya zo da buhunan gari da gishiri. Madam ta turo min saƙon murya mai tsawon minti shida. Har yau ban bari kowa ya fassara min ba.

Ranar tafiya Mama ta ba ni kwanga biyar a ƙulle, ta mayar min da wuƙata. Guntun igiyar ta riƙe.

Watanni kaɗan da dawowarmu aka yi ruwa a Dubai, irin wanda yake zuwa sau ɗaya ya cika titi. Muna sito a Al Kuz, na ga buhu a ƙofar maƙwabcinmu ruwa yana shiga ƙarƙashinsa. Alhaji yana ce min yalla Sale ɗauke, ni kuwa na tsaya ina tambaya na wane ne, kuma ko mai shi ne ya sa shi a nan da gangan. Kafin a samo amsa ya narke. Sukari ne. Na sha faɗa, ban yi bayani ba.

Da Madam ta zo sayayya bayan nan, ta nuna min hoto a waya. Ruwa ya janye, kifi ya dawo, firizar cike har murfi, Klodin tsaye a gefenta da sandunanta. Ta ce Mama tana gaishe ni, kuma tana tambaya ko zan sake zuwa. In zan zo, wai in aiko da wuri, don ta samu ta canza wa buhunanta wuri.